UWB ba zai yi maka saurin tura bidiyo ba

Malam, ka tambaya ko UWB (Ultra-Wideband, wata fasahar sadarwa ta rediyo mai aiki a gajeriyar tazara) zai fi Bluetooth saurin tura wa kwastomominka bidiyo a shagonka na kasuwar Marwa. Da ma don irin wannan aikin aka fara tallata shi. A 2002 Amurka ta buɗe masa zangon rediyo na 3.1 zuwa 10.6 GHz, kuma Wireless USB, wato USB mara kebul da aka gina a kansa, yana kai megabit 480 a daƙiƙa, amma cikin mita 3 kacal. Ka matsa mita 10, ya faɗo 110. Bai karɓu ba, Wi-Fi ya cinye kasuwar.

UWB ɗin da ke cikin iPhone 11 da na bayanta, auna tazara ne aikinsa, kamar gano makullin da aka maƙala wa AirTag, 'yar na'urar Apple ta gano kayan da suka ɓata. Don Allah kada ka zuba sefarka a waya mai tsada saboda shi, Xender ko kebul mai kyau sun ishe ka.