Tambayi Likita: ofis ya dawo cikin falo

Bayan da gwamnan Katsina na lokacin, Masari, ya sa dokar kulle a Daura saboda cutar korona cikin Afrilun 2020 saƙonni suka yi ta shigo min, yawanci daga gidajen da aiki ya dawo gida. Ga uku na tsinto, da amsoshin da na bayar a lokacin.

Maman Ummi daga Ƙofar Kaura: Likita sannu da ƙoƙari. Baban su Ummi yanzu a gida yake aiki, in an ɗauke wuta sai ya tada janareta a bakin tagar ɗaki wai kar a sace, kwana biyun nan ni da yara sai ciwon kai da jiri har da amai, anya ba korona bace?

Amsa: Hajiya dan Allah kafin ki ƙarasa karanta wannan a ɗauke injin nan daga wurin. Hayaƙin janareta akwai wata guba a ciki, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da kala, tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau sama da 200, shi ya sa mutum zai kwanta kamar gajiya ce ya wuce a barci. Kinga ciwo ya kama ku duka lokaci ɗaya, kuma in kika lura da kun fito tsakar gida yake lafawa, korona ba ta haka. A kai injin fili kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙin ya juya wa ɗaki baya, kuma banda zaure, shi ma rufaffe ne. Maganar ɓarawo kuwa sarƙa da kwaɗo nawa suke? Wanda ya fara layi ko magagi a fitar dashi iska, sai asibiti, kar a tsaya jiƙa komai.

Wani malamin makaranta daga Daura: Ranka ya daɗe, kan tabarma nake wuni da laftof a cinya, ƙuguna da wuyana sun riƙe, ido na yaji.

Amsa: Malam ai tabarmar ce. Samu tebur ko da na cin abinci ne, ka ɗora kwamfutar kan littattafai ta zo daidai ido, filo a bayanka. Duk minti 20 ka kalli nesa na daƙiƙa 20, ka riƙa miƙewa kana zagaya gida, kar sai kiran salla ya tashe ka.

Wata amarya daga Sabuwar Unguwa: Ɗaki ɗaya muke aiki ni da shi, ya fara tari da zazzaɓi, jiya na yi miyar kuka da daddawa yace bai ji ƙanshi ba sam.

Amsa: Toh amarya wannan rashin jin ƙanshin ya fi tarin ɗaga min hankali, don yana cikin alamun korona. Ya keɓe ɗakinshi kwana 14, kofi da kwanonshi daban, taga a buɗe, takunkumi ke da shi in zaki kai abinci, wanke hannu da sabulu daƙiƙa 20. Ku kira layin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a gwada shi, a duba maleriya ma. In numfashi ya fara yi mishi wuya kar ki jira gari ya waye.