Ciwo, Raɗaɗi da Haƙuri: Amsar Tambayoyinku

Wani ɗalibin aikin jinya daga Zariya ya rubuto: "Malam, majinyaci kan ce mini zugi yake ji, wani ya ce raɗaɗi, wani ya ce suka. Ashe ba duk ciwo ba ne?"

Duk ciwo ne, ɗana, amma kowanne da kamarsa, kuma mai aiki irin naka bai kamata ya haɗe su ba. Raɗaɗi na fata ne da abin da ke kusa da ita: ƙunar wuta, harbin kunama, barkono a ido. Zugi daga ciki yake tasowa, ya buga ya lafa ya sake bugawa, irin na maruru kafin ya fashe ko na ruɓaɓɓen haƙori da tsakar dare. Ni kullum yakan tuna mini da zugazugin maƙeri. Suka kuwa kamar an cusa tsinke, shi ya sa ake yawan jin ta a bakin mai ciwon haƙarƙari. Kai sara yake yi, ciki murɗawa, jikin da ya sha noma ko duka tsami yake yi. In ka kasa kunne ga kalmar da majinyaci ya zaɓa, ya riga ya ba ka rabin labari.

Abu ɗaya zan ja hankalinka a kai. In ka ce wa Bahaushe "ya jiki?" amsar "da sauƙi" za ka samu, ko da numfashi yake ja da ƙyar. Wannan amsar gaisuwa ce da kyautata zato ga Allah. Ka karɓe ta, sannan ka sake tambaya: ina ne ke ciwo, tun yaushe, ya yake yi?

Wani daga Maraɗi ya tambayi asalin kalmomin azaba da wahala, da ko gaskiya ne "wuya ba ta kisa".

Azaba daga Larabci muka aro ta. Harafin nan na Larabci da ake furtawa da harshe tsakanin haƙora yakan koma z a bakinmu, kamar yadda ya faru a zikiri da zunubi. Wahala ma ana danganta ta da Larabci, kuma daga wurinmu ta shiga Yarbanci da Turancin buroka, har yau ana jin ta a titunan Legas. Abin da ya fi burge ni shi ne aikatau da muke haɗa su da shi. Shan wahala muke yi, mu sha wuya, mu sha azaba, kamar magani mai ɗaci da dole ya bi ta maƙogwaro.

Karin maganar kuma cikonta shi ne "sai kwana ya ƙare". Da ita ake ƙarfafa wanda ke tsakiyar aiki mai nauyi ko talauci. Ba a yi ta don a hana marar lafiya zuwa asibiti ba. Macen da naƙuda ta tsawaita mata, aka ce ta daure domin kuka abin kunya ne, tana iya rasa jaririn ta kuma kamu da yoyon fitsari. Wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda ake yi wa irin waɗannan mata aiki, ba zai jefa wannan karin magana a ko'ina ba.

Tambaya ta uku ita ta fi tsaya mini a rai. Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce ɗanta ɗan shekara 3 ya rasu wata huɗu da suka wuce. Kowa ce mata yake ta yi haƙuri, in hawaye ya zubo a ce ba ta da tawakkali. Ta daina kuka a gaban mutane, amma barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga. Ta ce: "Malam, mene ne haƙuri? Ko dai ni ce ba ni da shi?"

'Yar'uwa, Hausa tana da kalmomi da yawa a wannan fage, mu ne muke tattara su mu kira su haƙuri. Dauriya ita ce cije haƙora na ɗan lokaci, irin wadda ake nema wurin yaro a gaban wanzami ranar kaciya. Juriya ta dogon zango ce, ta manomi da mai jinyar tsoho. Dangana ita ce zuciya ta sallama abin da ya riga ya tafi, ta daina jiran ya dawo, kuma ba ta zuwa da umarni, a hankali take sauka. Tawakkali miƙa lamari ne ga Allah. Sai kuma zurfin ciki, wato mutum ya binne abin da ke cinsa ya hana kowa gani. Abin da ake nema daga gare ki da sunan haƙuri, in an duba da kyau, zurfin ciki ne. Bahaushe kuwa ya san inda wannan ke kaiwa, tunda shi ya ce wane ya haɗiyi zuciya ya mutu.

Dubi Annabi Yaƙubu a Suratu Yusuf. Sau biyu ya ambaci haƙuri mai kyau, a aya ta 18 da ta 83. A aya ta 84 kuma aka ba mu labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Da 'ya'yansa suka ga kamar abin ya yi yawa, sai ya amsa musu a aya ta 86 cewa ga Allah kaɗai yake kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. Mutum guda ne ya yi haƙurin, ya kuma yi kukan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ke barin duniya, ya bayyana cewa ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ma, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Hawayenki ba ya cikin wannan.

Karin maganar da aka fi jefa wa mai irin halinki ita ce "mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa". Ki lura da hoton da ke ciki. Mai dafa dutse ba naɗe hannu ya yi ba, itace yake turawa, ruwa yake ƙarawa, yana gadin tukunya. Akwai kuma "ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba", wadda ake kafa hujja da ita a ce a yi shiru. Wannan maganar riƙe sirri ce, kada mutum ya zama mai kwarmata duk abin da ya ji. Bakin da ya faɗe ta shi ya ce "ranar wanka ba a ɓoyon cibi", ya kuma ce "ciwon 'ya mace na 'ya mace ne". Duk wanda ya ɗauki ɗaya ya bar sauran bai yi wa harshen adalci ba.

Masu ce miki ki yi haƙuri, yawancinsu ba mugunta ba ce, ita ce kalmar da suka gada, ba su da wata. Sai dai yawan maimaita ta yakan zama fami, wato a sake taɓa rauni a inda bai warke ba. Na fi son tsohuwar gaisuwarmu ta ta'aziyya, "ya muka ji da haƙuri?" Tambaya ce, tana barin ƙofa a buɗe, kuma "muka" ɗin nan yana sa mai gaisuwa cikin rashin.

Ki nemi mutum ɗaya da kika amince da shi, uwa ko ya ko aminiya, ki riƙa ambaton yaron da sunansa a gabanta, ki yi kukanki. Rashin barci da rashin cin abinci na wata huɗu kuma jiki ne ke magana, jiki magayi. Ki je asibiti ki faɗa wa likita yadda kika faɗa mini, kada ki ce masa "da sauƙi". Abin da yanzu ake kira ciwon damuwa yana da magani, akwai asibitocin da suka ƙware a kansa a Kware kusa da Sakkwato, da Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Allah ya ba ki dangana, ya sa yaron mai ceto ne.