Me Ya Sa Yesu Bai Ɗaga Ƙoƙo Ba a Zanen Leonardo?

Tambaya: A cocinmu an rataye hoton nan na Yesu da almajiransa a kan doguwar tebur, ana ce masa hoton Jibin Ubangiji. Amma ban ga yana ɗaga ƙoƙo ko yana raba gurasa ba, almajiran ma kamar gardama suke yi. Anya jibin aka zana kuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, kin lura da kyau. Hoton kwafi ne na zanen da Leonardo da Vinci ya yi daga 1495 zuwa 1498 a bangon ɗakin cin abincin sufaye na Santa Maria delle Grazie, a birnin Milan na Italiya. Daren jibin ne, sai dai lokacin da ya zaɓa shi ne sa'ad da Yesu ya faɗa wa almajiran cewa ɗayansu zai bashe shi. Shi ya sa hankalin kowa ya tashi.

Ki sake duba su, an jera su uku-uku. Bitrus ya ranƙwafo wajen Yohanna da wuƙa a hannu, yana son a tambayo ko wane ne. Toma ya ɗaga yatsa. Yahuza ya ja da baya, fuskarsa cikin inuwa, ya damƙe jakar kuɗi. Yesu kaɗai ne a natse, kuma a nan jibin yake: hannunsa ɗaya a buɗe wajen gurasa, ɗayan yana nufar kofin ruwan inabi. A ganina wannan ne ya sa zanen ya fi takwarorinsa ratsa zuciya, domin bai raba kyautar jibin da cin amanar ba, yadda suka faru a dare guda.

In kuwa rabon jibin kansa kike son gani, nemi zanen Justus na Ghent, wanda ya yi wajen 1474 a garin Urbino na Italiya. A can Yesu yana tsaye gaban tebur yana sa wa almajiri gurasa a baki, wasu sun durƙusa suna jira, kamar yadda fada ke yi a cocin Katolika.

Kwafin da ke cocinku wataƙila ya fi na asali haske. Leonardo ya yi fentin a kan busasshen bango, ya fara ɓamɓarewa tun yana raye, sannan a 1652 aka huda ƙofa a ƙasansa, ta tafi da ƙafafun Yesu. Gyaran da aka yi masa na baya-bayan nan a 1999 aka kammala shi.