Ku Tambayi Kawu: Masu Rigar Ɗorawa da Gidajen da Guguwa Ta Rusa

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni kafinta ne a Agege. Wani yaron shagona ya nuna min bidiyo a waya, wai a Amurka ne, guguwa ta kwashe unguwa guda, sai ga wasu mutane da riguna ruwan ɗorawa, har da tsofaffi masu furfura, suna kan rufi suna buga ƙusa. Ya ce 'yan coci ne kuma kyauta suke yi. Na ce ƙarya ne, ba mai hawa rufin wani a banza, ko gwamnati ke biyansu ko kuma wa'azi suka zo yi. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Maigida kafinta, yaronka ya kayar da kai, sai ka saya masa shayi da burodi.

Irin guguwar da ka gani ba irin tamu ta bazara ba ce mai ɗaukar leda da hula. Iska ce mai murɗawa da ke saukowa daga hadari, kuma a Amurka ana samun fiye da 1,000 a shekara. A ranar 22 ga Mayu, 2011, wata ta ratsa garin Joplin a jihar Missouri, ta kashe fiye da mutum 150, ta rusa dubban gidaje. Yawancin gidajensu na katako ne, shi ya sa take tsinke su kamar kara. Amma shi ya sa kuma wanda bai taɓa riƙe zarto ba zai iya taimakawa in an sa ƙwararre irinka a kansa.

Masu rigar ɗorawa galibi 'yan cocin Baptist na kudancin ƙasar ne. Akwai kuma 'yan Mennonite, wata ɗariƙar Kirista, waɗanda ƙungiyarsu ta agaji ta faro tun 1950 a jihar Kansas, da Samaritan's Purse, ƙungiyar agaji ta Kirista da mai wa'azi Franklin Graham ke jagoranta. Masu aikin 'yan sa-kai ne, da yawa sun yi ritaya, wasu hutun aikinsu suke ƙonawa. A coci ake shimfiɗa musu wurin kwana, a dafa musu abinci. Kuɗin katako da ƙusa daga gudummawar jama'a yake fitowa. Gwamnati na da hukumarta ta agajin gaggawa, FEMA, mai inshora kuma kamfaninsa zai biya shi. Su dai sun fi neman tsohuwar da ba ta da kowa da talakan da ba shi da inshora.

Batun wa'azi kuwa, ba ka yi ƙarya gaba ɗaya ba. Suna yin addu'a da mai gida in ya yarda, 'yan Samaritan's Purse ma kan bar masa Littafi Mai Tsarki da suka sa wa hannu. Abin da addininsu ya koya musu ne ya fito da su. Musulmin can ma na da nasu, irin su Islamic Relief da ICNA Relief.

Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Wannan ai gayya ce, wadda kakanninmu suka sani tun kafin a haifi Amurka. Bambancin kawai, su tun kafin hadari ya haɗu sun rubuta sunan kowa da abin da ya iya, sun horar da shi, injin yankan itace da tampol suna ajiye a mota. Da farko a share baraguzai, a lulluɓe rufi kada ruwa ya ƙarasa kayan ɗaki, gini sai daga baya, wani lokaci bayan watanni.

Bara waccan, ruwan farko ya yaye kwanon maƙwabcina a Idi-Araba. Bayan asuba muka taru, mun kai ashirin, kowa na "Allah ya kiyaye gaba". Guduma ɗaya ce a wurin, ita ma kanta na fita. Har azahar ana gardamar wa zai sayo ƙusa, katifarsa na shan ruwa. Da muka gama kuma, mai gidan hayar ya zo ya duba aikin, ya yaba, bayan wata biyu ya ƙara masa kuɗin haya. To ka ga tamu matsalar a Legas: yawancinmu 'yan haya ne, dole a yi magana da mai gida kafin a ɗora falanki ko ɗaya.

Tunda kana da sana'a a hannu, ka samu limaminku ko sarkin Hausawan unguwarku, in da cocin ECWA kusa ka shigo da su, don iska ba ta tambayar addinin mai rufi. Ku rubuta sunayen kafintoci da magina, ku tara kuɗin tampol biyu da tsani da kwalin ƙusa kafin Maris. Sunan yaron nan naka ya zama na farko a takardar.