Amsa ga mai tambaya kan allurar ido

Yar'uwa kin ce likita ya ce za a yi miki allura a cikin ido saboda ciwon suga ya taɓa bayan idon, kina tambaya ko da zafi. Wallahi nima ranar farko jikina rawa yake, amma tsoron yafi abun kansa.

Za su ɗiga miki maganin kashe zafi, su wanke idon da aidin, sai su sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon don kar ki ƙifta, allurar a farin idon ake yi ta gefe, ba ma za ki ganta ba, ji za ki yi kamar an danna da yatsa shikenan an gama. Bayan nan ne idon zai riƙa yi kamar an zuba yashi, ga hawaye, wani lokacin ki ga ɗigo baƙi na yawo, kwana 1 ko 2 ya lafa. Kar ki murza.

Ni allurar wani magani mai suna Avastin ake min, duk wata da farko. Dan Allah kar ki tsallake ranarki ko kin ga sauƙi. In zafi na ƙaruwa ko gani ya ragu, koma asibiti a ranar. Allah ya ba ki lafiya.