Na'urar ɗumama gida daga ƙarƙashin ƙasa

Malam, ka tambaya ko na'urar da ke jawo zafi daga ƙarƙashin ƙasa za ta iya ɗumama gidanka a sanyin Kanada, ta kuma sanyaya shi lokacin zafi. Za ta iya, sosai ma. Mita kaɗan cikin ƙasa yanayi ba ya sauyawa kamar na waje, shi ya sa kilowat 1 na lantarki kan ba ka ɗumin kilowat 3 zuwa 4.

Sai dai ka duba filinka tukuna, don a cikinsa ake binne bututun da ke jawo zafin. In ba shi da faɗi, dole a haƙa rami irin na burtsatse, mita 100 ko fiye, kuma nan kuɗin yake tafiya. Ni sai da na toshe kafofin tagogi da rufi kafin nan, don gidan da iska ke shiga zai sa ka sayi babbar na'ura a banza.