Oga ya kore ni ta WhatsApp ya riƙe albashina na wata 2, ina da hakki kuwa?

Tambaya: Salam malam. Shekara 3 ina aikin lodi da kai kaya a wani kamfanin ruwan leda a Kano, ba a taɓa ba ni takardar ɗaukar aiki ba. Ranar nan oga ya turo min saƙo wai kar na ƙara zuwa, kuma ya riƙe albashina na wata 2 wai kaya sun ɓata a hannuna. Abokaina sun ce tunda ba takarda sai haƙuri. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh abokanka sun faɗa ne da zuciya ɗaya amma ba haka doka ta ce ba. Rashin takardar nan laifin oga ne, domin sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ɗora wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su wuce da farawa, shi da bai bayar ba shi ya saɓa, kai kuma ma'aikaci ne ko da baki aka yi maganar.

Batun sallama, sashe na 11 ya tsara notis gwargwadon daɗewar mutum. Wanda bai wuce wata 3 ba kwana 1, daga nan zuwa ƙasa da shekara 2 mako 1, shekara 2 zuwa ƙasa da 5 mako 2, daga shekara 5 kuma wata guda. Kai kana cikin 'yan mako 2 ke nan, in yana so ka tafi a take sai ya biya ka kuɗin makonnin nan. Amma fa in ya iya tabbatar da babban laifi a kanka kamar sata, zai iya kora ba notis, shi ya sa ya jefo maganar ɓatan kaya.

Inda ya fi damuna shi ne riƙe albashin. Wallahi wannan ɗabi'a ta yi yawa a ƙananan kamfanoni da shaguna, da zarar an ce leda 10 sun fashe ko lissafi bai cika ba sai a ce an cire a albashi, kamar kuɗin ba gumin mutum ba ne. Sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Ko da asara ta faru saboda sakacinka ko ganganci, sai oga ya samu amincewar jami'in ƙwadago a rubuce kafin ya taɓa ko kwabo, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya ba zai wuce kashi 1 cikin 3 na albashin ba. Shi kuma ya haɗiye wata 2 cur shi kaɗai, shi ne mai ƙara shi ne alƙali.

Yanzu abin yi, kar ka goge saƙon nan, ka ɗauki hotonsa ka ajiye a wani waje daban. Ka je banki ka ciro bayanin asusunka in ta can ake biyanka, alat na kowane wata shaida ce mai ƙarfi. In a hannu ake ba ku, to nemi katin shaidar aiki, ko littafin da kuke sa hannu da safe, ko abokin aiki da zai tsaya maka. Sannan ka rubuta masa takarda cikin ladabi, ba zagi ba barazana, ka lissafa abin da kake bi ka ba shi wa'adi, kuma kar ka sa hannu a duk wata takarda da ke cewa ka amsa laifi ko ka yafe.

In ya yi kunnen uwar shegu, ka kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka, sukan kira ɓangarorin biyu a sasanta. In ta ƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin wannan shari'a tun gyaran tsarin mulki na 2010, kuma tana zama a Kano. In kuɗin lauya ne matsala ka leƙa Hukumar Ba da Agajin Shari'a Kyauta. Ka dai yi da wuri tun shaidunka ba su watse ba.